Ƙa'idar Raɗa wa Debian Suna, da Inda Ta Shafi Kwamfutarka

Debian babbar manhaja ce ta Linux da ke tafiyar da kwamfuta. Kowane sabon Debian yana samun suna tun kafin ya fito, kuma wuri guda ake zaɓo sunan: 'yan tsanan fim ɗin katun na Toy Story. Buzz ne ya buɗe fage, wato Debian 1.1 na shekarar 1996, lokacin da Bruce Perens ke jan ragamar aikin, shi kuma ma'aikacin Pixar ne, kamfanin da ya shirya fim ɗin. Haka aka taho har Debian 12, bookworm, da Debian 13, trixie.

Wannan suna ba ado ba ne. Debian na da matakai uku: unstable inda sababbin manhajoji ke fara sauka, testing inda ake tace su, sai stable da aka amince kowa ya yi aiki da shi. Waɗannan kamar muƙamai suke, yau wannan ne a kai, gobe wani. Suna kuwa na dindindin ne. Trixie ta zauna a testing sama da shekara biyu kafin a ɗaga ta zuwa stable, kuma sunanta bai motsa ba. Wannan ya hutar da sabobin duniya, wato manyan kwamfutocin intanet masu ajiye kwafin Debian, domin alamar da ke nuna wane suna ne stable kawai ake juyawa, ba sai sun sake kwaso komai daga tushe ba.

Unstable kaɗai ba ya sauya suna, kullum sid ne, yaron maƙwabtan nan da ke ɓaɓɓalla kayan wasa a fim ɗin. Wanda ya ɗora shi ya san me ya ɗauko.

Ga inda nake so ka kula sosai. Buɗe fayil ɗin /etc/apt/sources.list, wanda ke gaya wa kwamfutarka rumbun da za ta ɗauko manhajoji, ka duba layukan da suka fara da deb. Idan kalmar stable ce a rubuce, to tun ranar 9 ga Agusta, 2025 da trixie ta fito, kwamfutarka ta koma kallon sabon rumbu, sai dai za ta nemi amincewarka kafin ta fara ɗaukowa daga can. Idan ka amince, sabuntawa ɗaya za ka yi, ta fara jawo ɗaruruwan manhajojin da ba ka shirya musu ba, data ta tafi, wataƙila ma wani abin da kake dogaro da shi ya tsaya cak. Idan kuwa bookworm ka rubuta, kana nan a kansa har ranar da ka adana kwafin fayilolinka, ka karanta bayanin sauyin, ka goge sunan da hannunka ka sa trixie.