Tambayoyi da Amsoshi Kan Rage Tarkace da Tsara Kayan Banɗaki

Me ya sa banɗaki ke saurin cika da tarkace duk da ƙanƙantarsa?

Dalili shi ne kayan da ake ajiyewa a cikinsa ƙanana ne, kuma da wuya a yi amfani da su har su ƙare ƙarƙaf. Akan buɗe sabuwar robar shamfu tun tsohuwar tana da saura, sai tsohuwar ta koma bayan kanta da ɗan ragowa a gindinta, ba a ƙarasa ta ba, ba a kuma yar da ita ba. Haka man shafawar da bai karɓi fata ba yake zama, haka guntayen sabulu da rezar da ta dakushe. Babu ɗayansu da ya kai ya tsone ido shi kaɗai, shi ya sa ba a ankara sai ranar da durowa ta ƙi rufuwa. Ga shi kuma banɗaki wuri ne na tarayya, duk wanda ya ga kwalbar da bai sani ba sai ya ɗauka ta wani ce, ya bar ta inda ya same ta.

Shin sayen kwanduna da mazubai ne matakin farko?

A'a, kuma a nan mutane da yawa ke tafka kuskure, domin wanda ya sayi kwanduna kafin ya rage kaya, tarkacensa kawai ya sama wa masauki mai kyan gani. Abin da ya dace shi ne a kwashe duk abin da ke kan kanta, da cikin durowa, da ƙarƙashin wurin wanke hannu, a baje shi a waje inda akwai haske. A nan ne mutum zai tarar yana da man goge baki har uku a buɗe, kowanne an matse shi rabi. Daga nan sai a ware abin da hannu ke kaiwa gare shi kowace rana, da abin da ake nema jefi-jefi, da abin da ya lalace ko aka daina so. Kashin farko ne kaɗai ya cancanci komawa gaba-gaba. Kafin a mayar da komai, a goge wurin, a bar shi ya bushe, sannan a auna tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa, domin awon ne zai nuna irin mazubin da za a saya, in ma akwai buƙatarsa.

Yaya za a gane kayan da lokacinsu ya wuce, tunda da yawa ba su da ranar ƙarewa a jiki?

A jikin yawancin kayan shafa da na kwalliya akwai ɗan zanen gwangwani mai buɗaɗɗen murfi, an rubuta 6M ko 12M ko 24M a cikinsa ko a gefensa. Wannan lamba adadin watannin da kayan zai yi yana da kyau ce, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da aka fara buɗe shi, ba daga ranar da aka saya ba. Dokar Tarayyar Turai ce ta wajabta alamar a kan kayan da ke iya wuce watanni 30 ba su lalace ba, kuma da yake kamfanoni suna sayar da kaya iri ɗaya a ƙasashe da dama, kusan ko'ina ana ganinta. Sai dai alamar ba ta da amfani ga wanda ya manta ranar da ya buɗe, don haka a riƙa rubuta wata da shekara a gindin robar da alƙalamin da rubutunsa ba ya gogewa.

Wasu kayan suna da ƙa'idarsu daban. Maskara, wato kwalliyar gashin ido, ba a son ta wuce watanni 3, saboda tsinkenta yana taɓa ido yana komawa cikin kwalba da ƙwayoyin cuta. Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka tana ba da shawarar canza buroshin haƙori duk bayan watanni 3 zuwa 4, ko kafin nan idan gashinsa ya baje. Man kariya daga zafin rana kuwa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce wanda ba a rubuta masa ranar ƙarewa ba a ɗauke shi ya ƙare bayan shekaru 3 da saye. Inda babu wata alama, ido da hanci sun isa shaida: man da ya rabu biyu, ruwa a sama guda-guda a ƙasa, ko ya canza launi, ko warinsa ya juya, ba sai an yi masa dogon nazari ba.

Ina laifin ajiye magunguna a ɗan kabad ɗin da ke bayan madubi?

Laifinsa zafi da danshi. Takardar yawancin magunguna tana cewa a ajiye su a busasshen wuri da zafinsa bai wuce digiri 25 ko 30 a ma'aunin Salshiyas ba, alhali duk wankan ruwan zafi yana cika banɗaki da tururi. Asfirin misali ne da kowa zai iya tabbatarwa da kansa, domin idan danshi ya shige shi yakan fara rubewa, ya riƙa wani wari mai tsami irin na binega da zarar an buɗe kwalbar. Tsinken gwajin sukarin jini ma danshi yana iya ɓata shi har ya ba da sakamakon da ba daidai ba, wanda hatsari ne ga mai ciwon sukari. Wurin da ya fi dacewa da magani shi ne kabad mai tsayi ko mai makulli a wani ɗakin, nesa da hannun yara.

Maganin da lokacinsa ya wuce, a mayar da shi kantin magani idan suna karɓa. Idan ba sa karɓa, a cakuɗa shi da ƙasa, a ƙulle a leda, a jefa a shara, a kuma kankare suna daga jikin kwalbar. Maganin ɗigawa a ido yana buƙatar kulawa ta musamman, domin da yawa daga cikinsu ba a amfani da su bayan kwanaki 28 da buɗewa, ko da kwalbar tana cike.

Ban da magani, me kuma danshi ke ɓatawa?

Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar danshin iskar cikin gida ya kasance ƙasa da kashi 60 cikin 100, zai fi kyau tsakanin 30 da 50, kuma fumfuna tana iya fara kama abin da ya jiƙe cikin awa 24 zuwa 48. Wannan shi ya sa tawul ɗin da aka wanke aka ninke aka jibge a banɗaki yake fitowa da warin ruma tun ba a goga shi a jiki ba. A bar wanda ake amfani da shi kawai, a shanya shi a buɗe kan sanda, sauran su zauna a ɗaki. Rezar da ke jiran layi takan yi tsatsa, turare yakan canza ƙamshi, azurfa takan yi baƙi. Na'urar busar da gashi da injin aski kuwa ba lalacewarsu ce kaɗai abin tsoro ba, haɗuwar lantarki da ruwa ce, saboda haka a cire su daga soket bayan amfani, a nesanta su da famfo.

Kayan da aka yi kantar da shi ma abin dubawa ne. Allon da aka yi da matsattsen garin katako yana shan ruwa ya kumbura daga gefe, ya fara ɓarɓashi. Roba da gilashi da ƙarfen da ba ya tsatsa sun fi jurewa, kuma mazubi mai huji a ƙasa ya fi wanda ruwa ke kwanciya a cikinsa.

Me ya kamata a ajiye a ƙarƙashin wurin wanke hannu?

Kaɗan, kuma a cikin mazubin da za a iya janyowa da hannu ɗaya. Bututun da ke lanƙwashe a wurin shi ne ya fi saurin yoyo, idan kuma aka cusa kaya har aka rufe shi, ɗigon zai yi makonni yana cin katako ba wanda ya sani. Yawanci nan ake ajiye sinadaran wanke-wanke, kuma ba laifi idan babu ƙananan yara ko an sa wa ƙofar makulli. Amma a kiyaye abu biyu. Kada a juye sinadari a robar ruwan sha ko ta lemo, domin yaro ba ya karanta rubutu, siffar robar yake ganewa. Kada kuma a haɗa ruwan bilic da wani abu: haɗa shi da mai amoniya yana fitar da iska mai guba, haɗa shi da maganin wanke masai mai asid yana fitar da iskar kulorin, kuma a ƙaramin ɗaki marar taga hakan yana iya kai mutum asibiti.

Idan banɗakin ƙarami ne, ba kabad ba durowa fa?

Sai a koma ga bango da bayan ƙofa. Kanta siririya a saman masai, da maratayi a bayan ƙofa, da kwandon kusurwa a wurin wanka sun isa ɗaukar kayan yau da kullum. Buroshin haƙori a tsayar da shi a kofi, kansa sama, ba tare da an rufe shi ba domin ya sha iska ya bushe, a nesanta shi da masai, a kuma riƙa rufe murfin masai kafin a kora ruwa. Idan masu amfani da wurin suna da yawa, kowa ya samu ɗan kwandonsa mai hannu, ya shiga da shi ya fito da shi.

Yaya za a hana tarkacen dawowa?

Kada a buɗe sabo sai tsohon ya ƙare, kuma abin da aka saya don ajiya ya zauna a wani ɗakin har sai an buƙace shi. Duk bayan watanni 3, lokacin canza buroshin haƙori, a duba ranakun da aka rubuta a gindin robobi, a kuma leƙa bututun ƙarƙashin wurin wanke hannu ko yana ɗiga.