Zanen Duwatsu na Birnin Kudu

Zanen duwatsu na Birnin Kudu tsofaffin hotuna ne da mutanen da suka shuɗe suka zana a jikin duwatsun da ke kewaye da garin Birnin Kudu a Jihar Jigawa. Garin yana kan hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Bauchi, kuma yana cikin Jihar Kano har zuwa 1991 da aka ƙirƙiri Jigawa. Wuraren da aka fi sani su ne Dutsen Habude, Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. Zanen na nan a sarari, a ƙarƙashin manyan duwatsun da suka rufa kamar rumfa, inda ruwan sama bai cika bugawa ba.

Mafi yawan abin da aka zana shanu ne, da launin ja da fari, wasu masu dogayen ƙahonni, wasu gajeru. Abin da makiyayi zai fara lura da shi, tun kafin masani ya buɗe baki, shi ne shanun ba su da tozo. Ga shi kuwa duk garken da ke kiwo a gindin duwatsun a yau, Bunaji ne ko Rahaji, kowace saniya da tozonta. Shanu marasa tozo irin su muturu sun rage ne a kudancin Najeriya da wasu sassan tsakiyarta, inda juriyarsu ga cutar sammore ta ba su damar zama. Shi ya sa masana ke ɗaukar zanen a matsayin shaida cewa ya girmi yaɗuwar shanu masu tozo a wannan yanki. A nan darajar wurin take, domin ba ado kaɗai ba ne, tarihin kiwo ne da ba a rubuta da alƙalami ba.

Bernard Fagg, Baturen Ingila wanda ya yi fice wajen binciken gumakan yumɓu na Nok, ya kuma kafa gidan tarihi na Jos a 1952, shi ya yi nazarin wurin a shekarun 1950 ya sanar da shi ga masana. Mutanen gari dai sun san duwatsunsu tun kafin zuwansa.

Kusa da zanen akwai duwatsu masu amo. Idan aka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar kuge, kuma yawan bugu ya bar musu ƴan ramuka masu santsi. Fagg ya rubuta a kansu a 1956, ya kuma nuna alaƙar wuraren da al'adun bikin aure na mutanen yankin.

Hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke kula da wurin, tana kuma da cibiya a Birnin Kudu. Zama a fili shi ne kyan zanen, shi ne kuma rauninsa: rana da ƙurar hunturu suna dusashe launi, hannun mai shafawa yana ƙara goge shi. Mai ziyara zai fi ganin siffofin da sassafe ko da la'asar, lokacin da hasken rana ya yi sanyi, kuma ya fi kyau ya tafi da ɗan gari, don wasu shanun sai an nuna wa mutum da yatsa kafin idonsa ya raba su da jikin dutsen.