Waiwaye: Yadda sheƙar tsuntsu ta shigo birni

A daji aka fara bin diddigin hayayyafar tsuntsaye. A 1947 David Lack da abokan aikinsa na Jami'ar Oxford suka rataya akwatunan sheƙa a kurmin Wytham, kuma har gobe ana leƙa su duk shekara ana ƙirga ƙwai. Abin da aikin ya fito da shi fili shi ne, ƙananan tsuntsayen da ke ciyar da 'ya'yansu da tsutsar ganye dole su ƙyanƙyashe daidai 'yan makonnin da tsutsar ta yi yawa. Wanda ya makara, 'ya'yansa yunwa.

Sai yanayi ya fara sauyawa. A 1997 Humphrey Crick da tawagarsa suka duba nau'in tsuntsaye 65 a Birtaniya, suka ga 20 daga ciki sun matso da saka ƙwai da kusan kwana 9 tsakanin 1971 da 1995. Shekara guda bayan haka Marcel Visser ya nuna cewa a Holand tsutsar ta riga tsuntsun sauri. Birni kuwa dama yana da nasa zafin, don tun 1818 Luke Howard ya rubuta cewa Landan ta fi karkarar da ke kewaye da ita ɗumi. Kwalta da siminti na shan rana su riƙe ta har dare, ga fitilu da ba sa mutuwa. Da aka tattara bincike masu yawa a 2009, sai aka ga tsuntsayen birni sun fi saka ƙwai da wuri, amma ƙwan bai kai na 'yan daji yawa ba, 'ya'yan kuma ba su da nauyi. Wannan ne ya fi taɓa ni: birni na tashin tsuntsu da wuri, amma ba ya tanadar masa abin da zai sa a bakin 'ya'yansa.

Maganar kayan gini ta zo daga baya, kuma ta fi rikitarwa. A birnin Meziko, Monserrat Suárez-Rodríguez da abokan aikinta suka tarar gwara na warware guntayen sigari tana shimfiɗawa a sheƙa, kuma inda guntayen suka yi yawa ƙwarin da ke shan jinin 'ya'ya sun ragu, saboda gubar taba. An yi ta murna da wayon tsuntsu. Binciken da ya biyo baya a 2014 ya nuna gubar na lalata ƙwayoyin jinin 'ya'yan su ma. A 2014 ɗin dai, a Kalifoniya, aka sami igiya, waya da leda a kusan kashi 85 cikin 100 na sheƙun hankaka da aka duba, wasu 'ya'yan kuma sun sarƙe a ciki har suka kasa tashi. A 2023 Auke-Florian Hiemstra na Leiden ya bayyana wata sheƙa a Antwerp da wani tsuntsu dangin hankaka ya gina da ƙusoshin da ake kafawa a bango don korar tsuntsaye, guda wajen 1,500.

Inda sheƙar take ma na iya zama ajali. A watan Yuni na 2022, zafi ya tsananta a Sabiya da Kordoba na Sifen, 'ya'yan tsattsewa suka riƙa faɗowa daga ramukan gine-gine kafin fikafikansu su yi ƙwari, suna gudun turiri.

Yanzu hankalin masu bincike ya koma kan itatuwa. A Malmö ta Suwidin, aikin da Jami'ar Lund ta fitar a 2023 ya nuna 'ya'yan da aka rena kusa da itatuwan ƙawa da aka kawo daga wasu ƙasashe sun fi rama, domin tsutsar ƙasar ba ta cika zama a kan ganyensu ba.