Bargon Ƙyalle Ɗaya a Arewacin Ingila da Wales

Bargon ƙyalle ɗaya mayafin sanyi ne da ake ɗinkawa da hannu daga shimfiɗa uku: ƙyallen fuska a sama, cushen auduga ko ulu a tsakiya, da ƙyallen shafi a ƙasa, sannan a bi su da ƙananan ɗinki har su zama abu guda. Mutanen Birtaniya suna kiran irin wannan mayafi kwilt. Ya sha bamban da bargon haɗe-haɗe, wanda ake harhaɗa shi daga guntayen yadi masu launi iri-iri, domin shi fuskarsa launi ɗaya ce tak, kuma sau da yawa zaren da ake ɗinkin da shi ma launinsu ɗaya da yadin. Adonsa gaba ɗaya daga haske da inuwa yake fitowa, wato inda allura ta bi ya lotsa, inda ba ta bi ba ya tasa. Saboda haka babu launin da zai rufa wa mai aiki asiri idan zanensa ya karkace, kuma wannan ne ya sa samfurin takarda da ake fitar da zanen da shi ya zama rabin sana'ar. An fi sanin wannan aiki a ƙasar Wales da yankunan Durham da Northumberland na arewa maso gabashin Ingila, musamman daga ƙarni na 19 zuwa tsakiyar ƙarni na 20.

Asali

Dabarar cusa auduga tsakanin ƙyalle biyu a ɗinke ta daɗe a duniya, kuma al'ummomi da yawa sun yi amfani da ita wajen sutura da kayan yaƙi. Lifidin da ake sa wa dawakan sarakuna a ƙasar Hausa da Borno, wanda ake cusa masa audugar rimi a bi shi da ɗinki, a kan wannan dabara aka gina shi, sai dai shi an yi shi ne don tare kibiya da mashi. A Turai, ɗaya daga cikin tsofaffin bargunan ado da suka rage shi ne wanda aka ɗinka a tsibirin Sisili a ƙarshen ƙarni na 14, mai ɗauke da hotunan labarin jarumi Tristan; wani ɓangarensa yana gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, wani kuma yana gidan tarihi na Bargello a birnin Florence na Italiya. Birnin Marseille na Faransa ma ya yi suna da farin ɗinki irin wannan tun ƙarni na 17. A Birtaniya masu hali sun yi yayin sa a ƙarni na 18, har mata suna sa fatari mai irin wannan ɗinki, daga baya yayin ya wuce a birane, sana'ar ta koma ƙauyukan manoma da na masu haƙar kwal, inda sanyi da ƙarancin kuɗi suka raya ta.

Samfuri da fitar da zane

Samfurin shi ne siffar da ake yankewa daga takarda mai kauri ko kwali, a ɗora a kan yadi a zagaye gefenta. Mai aiki takan ninka takardar ƙunshin kaya gida biyu ta yanke rabin zuciya ko rabin ganye da almakashi, idan ta buɗe sai ɓangarorin biyu su fito daidai wa daida. Idan fure mai kunnuwa takwas take so, sai ta ninka takardar sau uku kafin ta yanka. Siffar da ta yi kyau ana kwafe ta a kan kwali, wani lokaci a kan gwangwani ko siririn katako, don ta jure amfani, kuma irin waɗannan samfura uwa takan bar wa 'yarta su kamar yadda ake gadon kayan ɗaki. Kayan gida ma suna shiga ciki: faranti da kofi da kwabo suna ba da da'ira manya da ƙanana, gindin dutsen guga yana ba da siffar ganye, babbar da'irar tsakiya kuwa ana fitar da ita da zare da aka kafe da allura a tsakiya aka ɗaura wa ɗaya bakin alli.

Abin lura shi ne samfurin iyakar waje kawai yake bayarwa. Jijiyoyin ganye, da murɗin da ke cikin fure, da layukan da ke cike fili tsakanin siffa da siffa, duk da ido da hannu ake zana su, shi ya sa mata biyu za su yi aiki da samfuri ɗaya amma wanda ya san aikin ya gane hannun kowacce.

Hanyoyin sa alama uku ne aka fi sani. Akwai alli, wanda ya dace da yadi mai duhu. Akwai shuɗin fensir, wanda ke daɗewa bai goge ba. Akwai kuma zanen allura, wanda ya fi sauran tsabta: ana riƙe babbar allura marar kaifi a kwance, a ja bakinta a gefen samfurin da ɗan ƙarfi, sai ta bar siririn kari a jikin yadin wanda ido zai iya bi na ɗan lokaci. Karin yana ɓacewa da kansa, don haka ɗan abin da za a ɗinka a zama ɗaya kawai ake zanawa, kuma idan an gama bargon babu tabon komai a jikinsa.

Masu zanen Allendale

A arewacin Ingila fitar da zane ya zama sana'a mai zaman kanta. George Gardiner, wani mai kanti a ƙauyen Allendale na Northumberland a ƙarshen ƙarni na 19, ya shahara da zana fuskar bargo da shuɗin fensir, kuma almajirarsa Elizabeth Sanderson ta gaje shi har sunanta ya kai nasa, ita ma ta koyar da 'yan mata da dama. Mata daga garuruwa masu nisa sukan aiko da yadinsu a zana musu a mayar, ko su sayi wanda aka riga aka zana a hannun 'yan koli masu yawo ƙauye-ƙauye, su kuma su yi ɗinkin a gida. Wanda ya san yadda ake aikin babbar riga, inda mai zane yake fitar da aska takwas da tambari a jikin yadi kafin masu ɗinki su karɓa, ba zai ga baƙon abu a wannan rabon aiki ba. Har yau ana ganin ragowar shuɗin fensirin a ƙarƙashin zaren tsofaffin barguna da yawa, kuma da shi masana suke gane aikin da ya bi ta hannun masu zanen.

Tun kafin su an yi Joseph Hedley, tela ne da ya koma ɗinkin bargo a kusa da garin Hexham, wanda aka kashe shi a bukkarsa a watan Janairun 1826 ba a kuma gano wanda ya aikata ba. Gidan tarihi na Beamish da ke Durham ya sake gina kwatankwacin bukkar tasa, aka buɗe ta ga masu ziyara a 2018.

Salon yankunan biyu

Bargon Wales yakan zo da babbar da'ira ko siffar lu'u-lu'u mai kusurwa huɗu a tsakiya, kewaye da iyakoki biyu ko uku da aka raba da miƙaƙƙun layuka, a cike su da murɗi irin na dodon koɗi, da zuciya, da ganye, da wata lanƙwasasshiyar siffa mai kama da ɗigon ruwa. Cushensa ulun tumaki ne da aka wanke aka shace, ko tsohon bargo idan gida ba shi da hali. Na Durham kuwa auduga ake cusa masa, zanensa kuma yana malala ba tare da shinge ba: gashin tsuntsu mai lanƙwasa, da tufkar igiya, da fure, da ƙullin masoya da ake sa wa bargon amarya. Yadin da aka fi so a duka yankunan shi ne satin na auduga, saboda ɗan sheƙinsa yana fito da tudu da kwarin ɗinkin. A ganin mai wannan rubutu, na Wales ya fi nuna ƙarfin tsari, na Durham kuma ya fi nuna sakin hannu, kuma da wuya a ce ga wanda ya fi.

Aikin dare

A watan Disamba rana tana faɗuwa a arewacin Ingila tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, don haka dogon daren hunturu shi ne lokacin wannan aiki. Ana ɗaure shimfiɗun uku a jikin firam na katako, mai dogayen sanduna biyu da gajeru biyu da ake kafewa da turaku, a ɗora shi a bayan kujeru kusa da murhu. Mai ɗinki takan zura allurai da yawa tun da sauran haske, ta sa hular ƙarfe a yatsar tsakiya, hannu ɗaya a sama yana tura gajeriyar allura, ɗayan a ƙarƙashi yana jiran tsinin ya taɓa shi kafin ya mayar da ita sama. Ɗinkin shi ne mafi sauƙi da aka sani, shiga da fita a layi ɗaya, amma ana son tsawonsa ya daidaita a fuska da baya, kuma ƙullin zaren ana fizgar sa ne ya shige cikin cushe ya ɓuya. Fitila idan aka ajiye ta a gefe, ƙasa-ƙasa, haskenta yana kwanciya a kan yadin ya fito da karin allura da inuwar abin da aka riga aka ɗinka, abin da hasken da ke saukowa daga sama ba ya yi. Yara sukan zauna suna zura zare, maƙwabta su shigo su kama gefe ɗaya ana hira.

Ga wasu matan kuwa abin ya wuce hira, domin da shi suke ci. A ƙauyukan masu haƙar kwal, matar da mijinta ya rasu ko ya nakasa a rami takan buɗe ƙungiyar bargo, inda maƙwabta suke zuba 'yan kuɗi duk mako, kusan yadda ake zubin adashi, kowa ya karɓi bargonsa idan layi ya zo kansa. A Wales kuma akwai mata masu yawo daga gona zuwa gona, su sauka a gida na 'yan makonni suna ɗinka bargunan shekara ko na kayan auren 'yar gidan, ana ba su abinci da wurin kwana da lada.

Daga 1928 zuwa yau

Lokacin da kasuwar kwal ta faɗi aka shiga matsi, Hukumar Sana'o'in Karkara ta Birtaniya ta fara wani shiri a 1928 na nemo ƙwararrun masu ɗinki a kudancin Wales da Durham, tana ba su yadi mai kyau, tana kai aikinsu kasuwar masu kuɗi a Landan, har otal ɗin Claridge's ya yi odar barguna daga gare su. Mavis FitzRandolph, wadda ta yi aiki a shirin, ta tattara bayanan matan da samfuransu ta wallafa littafi a 1954, kuma da yawa daga abin da aka sani game da sana'ar ta hanyarta ya iso. Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da shirin, bayan yaƙin kuma bargunan masana'anta masu araha suka cika kasuwa, masu koyo suka yi ƙaranci. 'Yan kaɗan ne suka riƙe aikin, cikinsu har da Amy Emms, wadda ta shafe shekaru tana koyar da salon Durham har aka ba ta lambar girmamawa ta MBE a 1984.

An kafa ƙungiyar masu ɗinkin bargo ta Birtaniya a 1979, aka kuma buɗe cibiyar bargunan Wales a garin Lampeter a 2009, wadda aka kafa da tarin tsofaffin bargunan da wata mata mai suna Jen Jones ta shafe shekaru tana adanawa. Masu yin aikin a yau galibi don sha'awa suke yi, da ƙaramin firam mai da'ira da ake ɗorawa a cinya, sauran bargon yana lulluɓe da ƙafafu yana ɗumama mai ɗinkin. Akwai samfuran roba da alƙalamin da ruwa ke wanke tawadarsa, akwai kuma kekunan ɗinki masu bin zane daga kwamfuta, amma masu koyar da salon gargajiya har yanzu da takardar da aka ninka da almakashi suke fara wa ɗalibi darasi, kuma abin da aka saba ba shi ya fara gwadawa shi ne rigar matashin kai mai fure ɗaya a tsakiya.