Illolin Wayar Zamani ga Tarbiyya a Karkarar Kano da Jigawa

Tarbiyya ita ce hanyar da yaro yake koyon harshe da ladabi da kunya da sanin matsayinsa a cikin jama'a. A ƙauyukan Kano da Jigawa an daɗe ana samunta a wurare sanannu: ɗakin kaka inda ake tatsuniya bayan sallar isha'i, makarantar allo, gona ranar gayya, da dandali inda 'yan mata suke gaɗa samari suna langa a farin wata. Duk waɗannan wurare idon manya yana kai gare su, domin a al'adar Bahaushe ɗa na kowa ne.

Rediyo bai rusa wannan tsari ba. Tun da Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, akwati ɗaya ake ajiyewa a tsakiyar majalisa, a saurara tare, a yi musu tare. Gidajen kallo sun janye samari daga hirar zaure, amma ko a can a benci ɗaya ake zama, kuma mai unguwa ya san ƙofar wurin.

Sauyi na gaske ya biyo bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, musamman da babbar waya ta yi araha, aka samu Facebook da WhatsApp da TikTok a aljihu. Rashin wutar lantarki bai hana ta shiga ƙauye ba: mai shagon caji yana da janareta ko sola, mai turi kuma yana cika wa yaro memori da finafinai da waƙoƙi a ranar kasuwa. Illar ita ce waya abin mutum ɗaya ce. Yaro yana kwance a ɗakin samari, abin sauraro a kunne, yana koyon magana da sutura da raha daga mutanen da iyayensa ba su taɓa gani ba, alhali yawancin iyayen ba su iya buɗe wayar ba, balle su duba abin da ke ciki.

An fi ganin wannan a zance. Da can saurayi sai ya yi sallama a ƙofar gida, a aiko ƙanwa ta shimfiɗa tabarma, a san ɗan gidan wane ne tun kafin magana ta yi nisa. Yanzu hirar ta koma kiran tsakar dare. Zumunci ma ya taɓu, har wasu suna ganin saƙon murya ya wadatar a barka da ta'aziyya.

Jita-jita kuwa ta samu ƙafa. A 2014, lokacin cutar Ebola, saƙonnin waya suka sa jama'a da dama wanka da ruwan gishiri cikin dare ɗaya.

Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, kuma Hisba tana kama masu yaɗa baɗala a intanet, sai dai ikonsu ya fi kaiwa ga shago da gidan kallo fiye da wayar da ke ƙarƙashin matashin kai.