Sule ɗaya da sisi a yini: ƙa'idar da ta sa Jamusawa leburanci a Halifax

A shekarar 1751, a tashar jiragen ruwa ta Rotterdam da ke ƙasar Holan, kafin jirgi ya tashi akan shimfiɗa wata doguwar takarda a gaban fasinjoji. Sunan kowane magidanci yana gefe guda, a gabansa kuma kuɗin da ake binsa. Wanda ya iya rubutu ya sa hannu, wanda bai iya ba ya yi 'yar alama. Abin da takardar ta ƙunsa ba shi da tsawo: sun yarda ana binsu kuɗin jirgi, kuma da zarar sun sauka a Nova Scotia za su biya da ƙarfinsu, a duk aikin da gwamna ya sa su, a kan sule ɗaya da sisi kowane yini, har bashin ya ƙare.

Kuɗin ba baƙo ba ne a wurinmu. Tsarinsa ɗaya ne da na kuɗin da iyayenmu suka kashe kafin naira ta zo a 1973: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Ke nan yinin mutum an yi masa farashin kwabo 18. A kan irin wannan ƙa'ida ta biyan kuɗin jirgi da aiki aka kwashi mafi yawan mutum kusan 2,700 tsakanin 1750 da 1752, daga yankunan Jamus irin su Palatinate da Württemberg, da Suwizalan, da wata 'yar ƙaramar ƙasa mai suna Montbéliard wadda mutanenta Faransanci suke ji, zuwa gabar gabashin ƙasar da yau ake kira Kanada.

Me ya kai Ingila neman Jamusawa? Tun 1713, da yarjejeniyar Utrecht, yankin Nova Scotia ya koma hannunta daga Faransa. Amma mallakar ta takarda ce kawai. Manoman da ke wurin, waɗanda ake kira Akadiyawa, Faransawa ne 'yan Katolika, asalin masu ƙasar kuma, 'yan ƙabilar Mi'kmaq, ba su taɓa sallama ta ga kowa ba. A 1748 kuma aka mayar wa Faransa babban sansaninta na Louisbourg, can kusa. Sai Ingila ta ga dole ta kafa nata garin. A watan Yuni na 1749 Edward Cornwallis ya iso da mutum kimanin 2,500, yawancinsu talakawan Landan da tsofaffin sojoji da ma'aikatan jirgi, ya kafa Halifax. Ba su yi masa yadda yake so ba. Wasu sanyin hunturun farko da cuta suka kashe su, wasu suka sulale zuwa Boston. 'Yan Suwizalan kaɗan da ke cikinsu su ne ya yaba wa, don haka ya nemi Hukumar Ciniki da Ƙasashen Mallaka da ke Landan, wadda Lord Halifax ke shugabanta, ta samo masa irinsu: manoma, masu jure wahala, kuma 'yan Furotesta, don a sa su su yi wa 'yan Katolikan kishiya.

Hukumar ta ɗauki dillali, wani ɗan kasuwa a Rotterdam mai suna John Dick, ta yanka masa la'ada ta gini ɗaya, wato sule 21, a kan kowane kai da ya tura. Shi kuma ya baza yaransa a garuruwan bakin kogin Rhine da takardun sanarwa. Ga abin da sanarwar ta yi alkawari: eka 50 ta gona ga magidanci, da ƙarin eka 10 a kan kowane mutum na iyalinsa, ba harajin ƙasa har shekara goma, abincin wata 12, kayan noma da na gini, da bindiga don tsaro. Akwai kuma wata doka ta majalisar Ingila tun 1740 da ta ba baƙo ɗan Furotesta damar zama ɗan ƙasa idan ya shekara bakwai a yankunan mallakar Ingila na Amurka. Ga manomin da yaƙe-yaƙe da haraji da ƙarancin fili suka matsa wa a Jamus, eka 50 tasa ta kansa abu ne da ko a mafarki bai saba gani ba.

Abu guda ne sanarwar ba ta ɗauke musu ba, kuɗin jirgi. Mai hali ya biya a Rotterdam ya sauka ba a binsa komai. Amma galibinsu kafin su gangaro kogin Rhine, suna biyan kuɗin fito a shinge bayan shinge, ɗan guzurin ya ƙare. Su ne suka sa hannu a doguwar takardar.

A nan ya kamata a tsaya a fahimci yadda bashin yake tafiya, don shi ne zuciyar ƙa'idar. A zamanin akwai tsarin da aka saba da shi a hanyar Pennsylvania, wani yankin mallakar Ingila a Amurka: mai jirgi ya kawo fasinja bashi, idan an sauka sai wani mai gona ko mai sana'a ya biya kuɗin, fasinjan ya zama baransa na wasu shekaru. A can iyali na iya watsewa, uba a gidan wannan, ɗa a gidan wancan. Tsarin Halifax ya bambanta. Gwamnati ce take biyan Dick kuɗin jirgin, sai bashin ya dawo hannunta. Ba a sayar da kowa ga wani mutum, ba a kuma ƙayyade shekaru. Lissafin na kwanaki ne: kowane yini da ka yi aiki, a rage kwabo 18 daga abin da ake binka. A fuska wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma gaskiya ta wani fannin ya fi.

Amma a yi lissafi. A misali, a ce ana bin babban mutum fam shida. Sule 120 ke nan, wato yini 80 na aiki. Wata uku da 'yan kwanaki, in an cire Lahadi. To amma magidanci ba kansa kaɗai yake biya wa ba. Akwai matarsa, cikakken kuɗi. Yaran da suka ɗan tasa rabin kuɗi ne, ƙanana ne kawai ake ɗauka kyauta. Mai mata da yara huɗu masu rabin kuɗi, a wannan misalin, bashinsa ya kai na mutum huɗu, yini 320, kuma hannu biyu ne za su biya. Sannan Halifax ba gari ba ne da ake haƙa da gini duk shekara. Idan hunturu ya shiga ƙasa ta daskare, aiki ya ragu, kuma yinin da ba a yi aiki ba ba ya shiga lissafi. Haka yinin jinya. Ga kuma abin da ya fi ciwo: kwabo 18 ɗin ba a hannu ake ba ka ba, a littafi ake soke shi. Mutum ya yini yana sarar itace ya dawo gida aljihu wayam, ga kuɗin haya, ga itacen ɗumi, ga takalman yara. In yana son kuɗi a hannu sai ya nemi wani aikin daban, wanda shi kuma ba ya rage bashin.

Aikin kuwa na kafa gari ne a cikin daji lokacin yaƙi: sare kurmi, fasa hanya, kafa shingen gungume kewaye da gari, gina ƙananan gidajen tsaro na katako, haƙa ramuka da tara ƙasa don girke igwa. Lebura yana da tsada a Halifax, kuma Landan kullum tana yi wa Cornwallis faɗa a kan yawan kashe kuɗi. Don haka a idon hukuma tsarin jifa ɗaya ne tsuntsu biyu: ga mazauna, ga leburori a farashin da ita ta yanka tun kafin su taso.

La'adar Dick ma ta yi nata aikin. Wanda ake biya a kan kai, yawan kai yake nema. Jirgin farko da ya turo, mai suna Ann, ya iso a watan Satumba na 1750 da mutum kimanin 300, dab da shigar sanyi, lokacin da ba a iya shuka komai. Cornwallis ya rubuta wa Landan yana kukan cewa an cika shi da tsofaffi da matalauta. A shekaru biyu da suka biyo jirage irin su Speedwell da Gale da Pearl da Murdoch da Betty da Sally suka yi ta zuwa, wasunsu bayan mutane da yawa sun mutu a teku.

Ni a ganina babban aibin tsarin ba a kwabo 18 yake ba. Aibin yana cikin yadda aka raba alkawuran biyu. Abin da baƙo zai yi wa gwamnati an rubuta shi, an sa masa hannu, an yi masa farashi, kuma ya fara aiki daga ranar sauka. Abin da gwamnati za ta yi masa, wato gona, yana cikin takardar sanarwa ne kawai, mabuɗinsa kuma yana aljihun gwamna. Gwamnan shi ne mai bin bashi, shi ne mai ba da aiki, shi ne mai rabon fili, shi ne kuma shugaban majalisar da za a kai wa ƙara. Mutumin da ba ya jin Turanci, bai san kowa ba, teku na bayansa, ina zai kai kukansa? Ba bayi ba ne, kuma bai dace a kira su haka ba, don da ƙafarsu suka shiga jirgi kuma bashinsu yana da iyaka. Amma sun bar gida don su zama masu gona, suka wayi gari leburori, wasu har kusan shekara uku.

Dalilin jinkirin ma ya kamata a faɗe shi yadda yake. Filin da aka yi musu alkawari yana da masu shi. Mi'kmaq sun ɗauki kafa Halifax a matsayin ƙwace, suka tashi da yaƙi, Faransawa na mara musu baya. A watan Oktoba na 1749 Cornwallis ya sa ladar gini goma ga duk wanda ya kashe ko ya kamo ɗan Mi'kmaq, abin kunyar da har yau ke bin sunansa, wanda ya sa aka sauke mutum-mutuminsa a Halifax a 2018. A watan Mayu na 1751 aka kai hari Dartmouth, tsallaken ruwa kawai daga Halifax. Shirin farko na a zaunar da Jamusawan a tsakiyar gonakin Akadiyawa ya gagara, don ba sojan da zai tsare su. Sai aka tara su a gefen gari. Unguwar arewa da da yawansu suka zauna har yanzu tana da titunan Brunswick da Gottingen, da wani ɗan ƙaramin cocinsu na katako tun 1756. Suka yi ta kai koke. Wasu da haƙurinsu ya ƙare suka gudu wajen Faransawa, mutanen da aka kawo su don su yi wa kishiya.

A watan Agusta na 1752 Peregrine Hopson ya karɓi mulki daga Cornwallis. Da ya ga halin da ake ciki ya nemi Landan ta daina turo mutane, aka kuma daina. A ƙarshen shekarar ya ƙulla sulhu da wani shugaban Mi'kmaq, Jean-Baptiste Cope. Sulhun bai daɗe ba, amma Hopson ya ci gaba da shirin kwashe baƙin zuwa wani wuri a gabar teku, kudu maso yamma da Halifax, da ake kira Merligueche. Aka sa masa suna Lunenburg don girmama Sarkin Ingila George na Biyu, wanda shi ma jinin gidan sarautar Brunswick-Lüneburg ne na Jamus.

Yadda aka raba filayen gari abin a gani ne. A watan Mayu na 1753 aka tara magidanta a cocin St. Paul da ke Halifax, aka kawo katin karta, an rubuta lambar fili a bayan kowanne. Kowa ya miƙa hannu ya zaro, abin da ya fito shi ne rabonsa. A farkon Yuni jirage suka sauke mutum 1,453 ƙarƙashin Kanar Charles Lawrence. Ko a can ma aikin gwamnati ne ya fara tarbarsu: gidajen tsaro da shinge tukuna, kafin kowa ya fuskanci nasa. Lawrence ya sha fama da su a kan haka, su kuma suna ganin sun riga sun yi nasu tun a Halifax.

Mutanen da aka daɗe ana ce musu gobe, kowace jita-jita sai ta sami wurin zama a zuciyarsu. A watan Disamba na 1753 magana ta bazu cewa wani ɗan Montbéliard, Jean Petrequin, ya sami wasiƙa daga Landan da ke nuna an aiko musu da kaya masu yawa jami'ai sun danne. Jama'a suka kama shi suka tsare don ya fito da wasiƙar, suka ɗauki makamai, har aka yi harbi da sojojin wurin. Daga Halifax aka turo Robert Monckton da soja 200, ya karɓe bindigogin. Bincike ya ɗora laifin a kan John William Hoffman, wanda ya taɓa riƙe muƙamin alƙalin sulhu a Halifax. Aka ci shi tarar fam 100, aka yanke masa ɗaurin shekara biyu a tsibirin George.

Bayan tarzomar ne aka zo kan gonakin. Su ma da karta aka raba su, kowane magidanci eka 30, ba 50 da ƙarin goma-goma da sanarwa ta ce ba. Ƙasar kurmi ce da duwatsu, sai an sare an ƙone an tone kafin a shuka, don haka abincin da aka ce na wata 12 ne gwamnati ta ci gaba da rabawa har shekaru bayan haka. Manyan filaye na eka 300 sai a shekarun 1760 aka fitar da su. Wanda ya sauko daga jirgin Ann a Satumban 1750, in ya rayu, ya haura shekara uku kafin ya tsaya a kan gonar da zai ce tasa ce.