Me ya sa farashin takardun lamuni ke faɗuwa alhali tattalin arziki na farfaɗowa?

Mece ce takardar lamuni?

Shaidar bashi ce. Gwamnati ko kamfani su karɓi kuɗinka, su riƙa biyanka tsayayyen kuɗin ruwa duk shekara, idan wa'adi ya cika su maido maka da uwar kuɗinka. Kafin wa'adin kana iya sayar da ita ga wani, kuma a wannan cinikin ne farashinta ke hawa da sauka.

To me ke karya farashin?

A ce ka sayi takarda ta dala 1,000 mai wa'adin shekara 10, tana ba ka dala 20 a shekara. Sai aka wayi gari gwamnati ta fitar da sababbi masu biyan dala 40. Wa zai sayi taka a dala 1,000 alhali ga wadda ta ninka ta? Dole ka sauko, har wajen dala 840, kafin mai saye ya ga ba a ƙware shi ba. Duk sanda kuɗin ruwa ya hau, tsofaffin takardu sai sun faɗi, kuma mai dogon wa'adi ta fi faɗuwa, domin za a daɗe ana haƙuri da ƙaramar ribarta.

Ai farfaɗowa abin farin ciki ne. Me ya haɗa ta da wannan faɗuwa?

Lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, masu zuba jari kan guje wa kasada su fake a takardun gwamnati, babban banki kuma ya sauke kuɗin ruwa. Da al'amura suka fara miƙewa, mutane su koma sayayya, wani lokaci fiye da abin da masana'antu za su iya samarwa, sai kaya su yi tsada. Mai bin bashi ya san dala 20 ɗinsa ba za ta ƙaru ba, amma abin da za ta saya yana raguwa. Shi ya sa yake neman a ƙara masa riba tun kafin tsadar ta iso.

Haka aka yi a Amurka bayan ɓarkewar annobar korona. A watan Agustan 2020 takardar gwamnati ta shekara 10 tana biyan kusan kashi 0.5 cikin 100. Da rigakafi ya samu, gwamnati kuma ta amince da tallafin dala tiriliyan 1.9 a Maris ɗin 2021, ribar ta kai wajen kashi 1.7 a ƙarshen watan.

Shin tsoron nasu ya tabbata?

Ƙwarai. A 2021 shugaban babban bankin Amurka, Jerome Powell, ya yi ta cewa hauhawar farashin ta ɗan lokaci ce. A ganina an makara wajen taka mata birki, kuma jinkirin ya sa maganin ya yi ɗaci. A Yunin 2022 hauhawar ta kai kashi 9.1, abin da ba a gani ba cikin shekara 40. Bankin ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifiri a Maris ɗin 2022 zuwa sama da kashi 5 a 2023. A shekarar 2022 kaɗai kasuwar takardun lamuni ta ƙasar ta yi asarar kusan kashi 13.

Wa ya fi jin jiki?

Wanda ya riƙe takardarsa har wa'adi zai karɓi kuɗinsa cif, sai dai darajarsu ta ragu. Wanda buƙata ta tilasta wa sayarwa shi ne asara ke kamawa. Bankin Silicon Valley na Amurka ya zuba kuɗin ajiyar jama'a a takardu masu dogon wa'adi lokacin da riba ke ƙasa. Da masu ajiya suka fara janye kuɗinsu, sai ya sayar da wasu da asarar dala biliyan 1.8, ya sanar a ranar 8 ga Maris 2023, bayan kwana biyu hukumomi suka rufe shi.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ba su taɓa sayen takarda ko ɗaya ba amma suka ji a jikinsu. Kuɗin ruwan rancen gida a Amurka, da bai kai kashi 3 ba a farkon 2021, ya haura kashi 7 a Oktoban 2022.

Akwai wanda ya amfana?

Sabon mai saye. A Oktoban 2023 ribar takardar shekara 10 ta taɓa kashi 5, karon farko tun 2007, wato kusan ninki goma na abin da wanda ya saya a Agustan 2020 ya amince ya karɓa.